3.4 Umarnin Dunƙulewa Wanda Mai Amfani Ya Ƙirƙira

Kamar yadda aka yi bayani a baya, umarnin dunƙulewa shi ne wanda yake karɓar layuka masu yawa daga jadawali, ya fitar da amsa guda ɗaya. Harshen SQL ya zo da guda biyar tun farko, wato COUNT da SUM da AVG da MIN da MAX. Sai dai buƙatun masu aiki sun zarce haka. Wanda yake son ya ninka dukkan lambobin wani jeri da juna, alal misali, dole ya kwashe layukan zuwa wata manhaja ya yi lissafin a can, abin da yake cin lokaci matuƙa.

Tsarin POSTGRES, wanda Michael Stonebraker ya fara jagoranta a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a shekarar 1986, yana cikin na farko da suka ba mai amfani damar gina nasa umarnin. Oracle ya bi sahu a 2001, SQL Server kuma a 2005. Sunaye sun bambanta, amma ginin kusan iri ɗaya ne. Ana buɗe wata ƙaramar ma'ajiya, a sabunta ta da zuwan kowane layi, daga ƙarshe a fitar da amsa daga cikinta.

Inda gizo yake saƙa shi ne mataki na huɗu, wato haɗe sakamako idan an raba aikin gida-gida. A ɗauka ɗalibai biyu sun ci maki 40 da 60 a kashi na farko, ɗalibi guda ya ci 80 a kashi na biyu. Matsakaicin kashin farko 50 ne, na biyu 80. Idan aka haɗa waɗannan biyu za a sami 65, alhali amsar gaskiya 60 ce. Ke nan ma'ajiyar ba matsakaici za ta riƙe ba, sai jimilla da adadi. Rumbun kuwa ba zai yi ƙorafi ba. Zai miƙa 65 kawai.

Jim Gray da abokan aikinsa sun nuna a 1996 cewa wasu umarnin, kamar na nemo lambar da ta faɗo tsakiyar jeri, ba su da ma'ajiya mai iyaka. Su dole a riƙe dukkan lambobin. PostgreSQL, magajin POSTGRES, bai fara raba aikin dunƙulewa tsakanin ma'aikata da dama ba sai a 2016, kuma umarnin da ba a rubuta masa matakin haɗewa ba ba ya cin moriyar wannan rabo.