HORON ƘARFIN JIKI: JAWABI GA HAKIMAI DA MAGATAKARDANSU

In kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, samarin ƙasar Gwarzo da ta Kabo sukan koma fagen kokawa da dambe. Waɗansu kuma sun ƙara da ɗaga ƙarafa da tubalan siminti. Abin kirki ne, amma sau da yawa yaro yakan kinkimi abin da ya fi ƙarfinsa don a yaba masa, ya tashi da ciwon baya, damina ta zo ba ya iya riƙe fartanya. Gida ya yi hasarar manomi ke nan. Saboda haka ana roƙon hakimai su tara masu horar da samari, a karanta musu ƙa'idodin nan huɗu.

1. Ƙari kaɗan kaɗan. Wannan ita ce uwar ƙa'idodi, gama tsoka ba ta ƙaruwa sai an ɗora mata abin da ya ɗara wanda ta saba. A 1945 wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, ya nuna sojojin da suka yi rauni sukan mai da ƙarfinsu in ana ƙara musu nauyi daki daki. Daga baya ya tsara a ɗaga sau 10, a huta, a yi haka har zagaye 3. Kada a ƙara wa yaro nauyi sai ya cika goman nan jikinsa bai karkace ba.

2. Motsi irin na aiki. Horo mai amfani shi ne wanda ya yi kama da aikin yau da kullum, watau tsuguno, da ɗauka daga ƙasa, da turi, da ja kamar jan guga, da tafiya da kaya kamar ɗaukar dami. Ɗan kokawa ma da waɗannan yake ka da abokin karawarsa. Wurin ɗauka daga ƙasa lalle ne a lanƙwasa gwiwa, a miƙe baya, a matso da kayan kusa da jiki. A koya wannan hannu wofi tukuna, sa'an nan a kawo nauyi.

3. Hutu. A lokacin hutu da barci ne tsoka take gyaruwa. Gaɓar da ta wahala yau a bar ta jibi. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shawararta ta 2020, ta ce baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Gajiya ba laifi ba ce, amma in an ji suka cikin gaɓa a tsaya, a je asibiti.

4. Abinci da lokaci. Wake da gyaɗa da nono da ƙwai suna gina tsoka. Da bazara a yi horo da sassafe ko da yamma lis, da ruwan sha a kusa. Ƙwayoyi irin su Tiramadol kuwa ba su ƙara ƙarfi, ciwo suke ɓoyewa, har yaro ya ji wa kansa rauni bai sani ba.

Ya kamata magatakarda su rubuta sunayen masu horarwa na kowane gari, da wurin da suke taruwa, da raunukan da aka samu, domin hakimi ya san inda gyara yake, ya aika wa dagaci tun kafin ruwa ya sauka.

Allah ya ƙara mana lafiya da zama lafiya, amin.