Makantar Zuciya: Yadda Malaman Kirista Suke Bayyana Dalilin Ƙin Bishara

Tun ƙarni na farko na Miladiyya malaman addinin Kirista suke fama da wata tambaya: me ya sa mutum biyu za su saurari wa'azi ɗaya, ɗaya ya karɓa, ɗayan kuma ya tashi kamar ba a ce kome ba, alhali bai gaza ɗan'uwansa hankali ko ilimi ba? Sunan da suka ba wannan hali shi ne makantar zuciya, wato kasa ganin gaskiyar Bishara, saƙon da Kiristoci suka gaskata cewa Allah ya sulhunta mutane da kansa ta hanyar mutuwar Yesu da tashinsa. Littafi Mai Tsarki bai tsaya a kan dalili ɗaya ba, uku ya kawo, wani lokaci ma daga alƙalamin marubuci ɗaya, kuma yawancin gardamar da ta biyo baya ta taso ne daga ƙoƙarin gane wanne ne tushe, wanne ne reshe.

Dalilin da ya fi yawo a bakin masu wa'azi shi ne Shaiɗan. Madogararsa tana cikin sura ta 4 ta wasiƙa ta biyu da Bulus ya rubuta wa ikilisiyar Koranti wajajen shekara ta 55 ko 56, inda ya ɗora alhakin rufe zukatan marasa ba da gaskiya a kan wani da ya kira allahn wannan zamani. A yau mafi yawan masu sharhi suna ɗaukar wannan a matsayin laƙabin Shaiɗan, amma magabata da dama ba haka suka karanta ba. Ireniyus, bishop na Liyon a ƙasar Faransa ta yau, wanda ya yi rubutu wajajen shekara ta 180, yana fafatawa ne da ƙungiyoyin da ke koyar da cewa wani ƙaramin ubangiji ne ya halicci duniya, don haka ya fassara ayar da cewa Allah na gaskiya ne yake makantar da masu ƙin gaskiya na wannan zamani, domin kada abokan gardamarsa su sami hujjar alloli biyu. Agustin, bishop na Hifo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, shi ma ya bi wannan hanya a jayayyarsa da mabiya addinin Mani. Bayan fiye da shekara dubu Jon Kalbin, malamin zamanin gyaran ikilisiya a Turai, ya ce tsoron bidi'a ne ya kawar da su daga ma'anar da ke fili. Ko da yake ra'ayinsa ne ya yi rinjaye, babu wata babbar ɗariƙar Kirista da ta yarda cewa Shaiɗan yana da ikon da ya yi daidai da na Allah, ko kuwa aikinsa yana sauke wa mutum laifi.

Nan ne dalili na biyu ya shigo, wanda shi ne ya fi ɗaukar hankalin malaman tauhidi: zuciyar mutum ita kanta. Sura ta 3 ta Bisharar Yohanna ta nuna cewa mutane suna guje wa haske ne saboda ba sa son a tona ayyukansu, sura ta 1 ta wasiƙar Romawa ta ce suna danne gaskiyar da suka riga suka sani, sura ta 4 ta Afisawa kuma ta mayar da jahilcin ga taurin zuciya. A wannan fahimta son rai ne yake riga hankali yanke hukunci, daga baya hankali ya zo yana neman masa hujja. Agustin shi ne ya mayar da wannan cikakkiyar koyarwa da ake kira zunubin asali, wato lalacewar hali da 'yan Adam suka gada daga faɗuwar Adamu. Abokin hamayyarsa Felajiyus ya ce Allah ba zai umarci mutum da abin da ba zai iya ba, saboda haka kowa yana da ikon zaɓen daidai. Majalisar bishof-bishof ta Kartaj ta yi watsi da ra'ayinsa a 418, ta Oranj kuma ta ƙara da cewa, a 529, ko farkon sha'awar ba da gaskiya ma alheri ne, ma'ana baiwar Allah wadda mutum bai cancanta ba.

Dalili na uku shi ne mai nauyi a kunne, domin yana cewa Allah da kansa yana taurara zukata. A sura ta 6 ta littafin Ishaya an aiki annabin zuwa ga mutanen da wa'azinsa zai ƙara toshe musu kunne, kuma duka Bisharu huɗu da littafin Ayyukan Manzanni sun koma ga wannan wuri don bayyana ƙin da aka yi wa saƙon Yesu. Labarin Fir'auna a littafin Fitowa ya fi rikitarwa, tun da wasu ayoyin suna cewa shi ya taurara zuciyarsa, wasu kuma suna cewa Allah ne ya taurara ta. Orijin na Iskandariyya, a ƙarni na uku, ya warware wannan da misalin rana, wadda zafinta ɗaya yake narkar da kaki ya kuma busar da laka, ta yadda bambancin yana ga abin da zafin ya tarar. Agustin kuwa ya ce Allah ba ya zuba mugunta a zuciyar kowa, janye jinƙansa kawai yake yi ya bar mutum da halinsa. Amsar Orijin ta fi kwantar da hankali, sai dai ta bar tambayar abin da ya mai da wani kaki wani laka. Ta Agustin ta amsa wannan, amma ta haifi wata wadda ta fi ta zafi, wato dalilin da ya sa ba a yi wa kowa jinƙai ba. Mai karatu Musulmi ba zai ji wannan baƙon zance ba, domin malaman Mu'utazila da na Ash'ariyya sun daɗe suna irin wannan muhawara a kan ayoyin da suka yi maganar rufe zukata, duk da cewa Musulunci bai yarda da zunubin asali ba.

Zamanin gyaran ikilisiya a Turai ya sake hura wutar. Irasmus ya kare 'yancin zaɓi a 1524, Martin Luta ya mayar masa da martani a 1525 cewa nufin ɗan Adam a ɗaure yake. Majalisar Tarent ta Katolika ta yanke a 1547 cewa zunubi ya raunana 'yancin zaɓi amma bai kashe shi ba. Mabiya Kalbin, a taron Dort na ƙasar Holan daga 1618 zuwa 1619, sun tsaya a kan cewa alheri yana buɗe idon zaɓaɓɓu ba tare da ya gaza ba, mabiya Arminiyus kuma, da Jon Wesli bayansu, suka ce ana ba kowa isasshen haske, sai dai mutum yana iya ƙin sa. Dukansu sun haɗu a kan abu ɗaya: babu wanda yake warkar da kansa, don haka mai bi ba shi da abin taƙama a kan wanda bai gaskata ba.

Wannan sharaɗi ne tarihi ya fi yawan mantawa da shi. A ƙofar babbar majami'ar Sitirasbog an kafa siffofin mata biyu da aka sassaƙa wajajen 1230, ɗaya mai kambi tana wakiltar ikilisiya, ɗayar da ido a ɗaure da mashi a karye tana wakiltar Yahudawa, kuma irin wannan tunani ya taimaka wajen halatta musguna musu ƙarni bayan ƙarni. Sai a 1965 Majalisar Batikan ta Biyu ta hana a riƙa nuna Yahudawa a matsayin mutanen da Allah ya la'anta. A shekarar dai ta amince cewa masu bi da kansu suna da hannu a rashin imanin wasu, idan koyarwarsu ta karkace ko halinsu ya saɓa wa abin da suke faɗa. Ba sabon abu majalisar ta ƙago ba, domin a Sabon Alkawari zargin makanta sau da yawa yana sauka ne a kan masu addini: shugabannin addini a sura ta 23 ta Matiyu, almajiran Yesu a sura ta 8 ta Markus, da ikilisiyar Lawudikiya a sura ta 3 ta Wahayin Yohanna. Mai wa'azin da ya ɗauki koyarwar ya mai da ita sandar dukan maƙwabcinsa wanda ba Kirista ba ya tsallake waɗannan surori uku.