Kafin a ce "a kai shi Kware": Abin da doka ta tanada kan kwantar da mai taɓin hankali ba da yardarsa ba

A Sakkwato, idan aka ce "a kai shi Kware", kowa ya san inda aka nufa, wato asibitin gwamnatin tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa da ke garin Kware, arewa da birnin. Sau da yawa dangi ne ke yanke shawarar a tsakar gida, a nemo mota, a riƙe mutum ta ƙarfi. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne: wa doka ta ba ikon tsare baligi a asibiti alhali bai yarda ba, kuma bisa wace takarda?

Tambayar tana da nauyi, domin ƙofar da ake bi a ceci ran mara lafiya, ita ce kuma za a iya bi a kawar da wanda ake rigimar gado da shi, ko matar da ta ƙi zaman aure.

Tushen ikon

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin walwala, amma ya halatta a tauye shi ga mai taɓin hankali ko wanda shaye-shaye suka yi wa katutu, domin a kula da shi ko a kare al'umma. Sharaɗin shi ne a bi hanyar da doka ta shimfiɗa. Sashe na 34 kuma ya haramta azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam, bai ware mara lafiya ba.

Fiye da shekara 100, hanyar da ake bi ta samo asali ne daga dokar Turawan mulkin mallaka ta 1916, wadda aka sabunta a 1958. A ƙarƙashinta likita na iya sa a tsare mutum har kwana 7 domin a lura da shi. Idan likita ya ba da shaida, alƙalin majistare kuma ya gamsu, sai a rubuta umarnin kulle shi ba tare da an yanke ranar fita ba. Dokar ta fi damuwa da tsarewa fiye da magani.

Me ya sauya?

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa ta 2021, wadda ta maye gurbin waccan. Asali a sabuwar dokar shi ne mutum ya karɓi magani da yardarsa. Kwantarwar dole togaciya ce, kuma tana da matakai.

Na farko, dalili. Bai isa a ce mutum yana sambatu ko ya fita daga ɗabi'ar gida ba. Sai ya kasance lalurar na barazanar sa ya cutar da kansa ko wasu, ko kuma ta yi tsananin da barinsa a gida zai ƙara dagula ta.

Na biyu, buƙata da bincike. Mai wakiltar mara lafiya zai gabatar da buƙatarsa ga asibiti, amma maganarsa ba hukunci ba ce. Likitoci ne za su duba mutumin da kansu, su rubuta abin da suka gani da hujjar kwantar da shi.

Na uku, wa'adi. Kwantarwar dole ba ta wuce kwana 28 a karon farko. Idan asibiti na ganin akwai buƙatar ƙari, sai ya nemi amincewar Kwamitin Tantance Lafiyar Ƙwaƙwalwa da dokar ta ce a kafa, wanda kuma shi ne ke sauraren ƙorafin wanda aka tsare.

Hanyar kotu daban take. Idan wanda ake tuhuma da laifi ya nuna alamun ba zai iya kare kansa ba, alƙali na iya dakatar da shari'a ya tura shi likita ya duba shi. A nan umarnin kotu ne takardar da ke riƙe da shi.

Inda gizo ke saƙa

Mutane da yawa ba sa isa asibiti ko kaɗan. Gidan mari ko wurin mai magani ake kai su. A Satumban 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa da ke Kaduna, da dama cikin mari, sannan aka sake gano irinsa a Daura. A Nuwamban shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan ɗaure masu lalurar da sarƙa a sassan Najeriya. Sabuwar doka ta haramta ɗaurin sarƙa, ko da yake ƙungiyar ta soki yadda ta bar ƙofar maganin dole a buɗe.

Akwai kuma batun aiwatarwa. Masu fafutuka sun sha kokawa kan jinkirin kafa hukumomin da dokar ta ambata. Wa'adin kwana 28 ba shi da amfani idan babu kwamitin da zai zauna ya duba shi. Bugu da ƙari, asibitin Kware da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo na tarayya ne, amma harkar lafiya ta shafi jihohi, shi ya sa Legas ta yi tata dokar. Wannan tambaya ce da ya kamata matasan Sakkwato su kai wa 'yan majalisar jiharsu.

Idan abin ya zo gidanku

Ku tambayi sunan likitan da ya duba shi, da dalilin da aka rubuta, da ranar da aka kwantar da shi, da ranar da za a sake duba lamarinsa. Kada ku sa hannu kan takardar da ba a karanta muku ba. Idan kuna zargin an tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, sashe na 46 na Kundin Tsarin Mulki ya ba da damar zuwa Babbar Kotu, kuma sashe na 35 ya tanadi diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Wanda ba shi da kuɗin lauya na iya tuntuɓar Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ko Hukumar Ba da Tallafin Shari'a.

Wani lokaci kwantarwar dole ce ke tsakanin mutum da halaka, kuma dangin da suka nemi ta ba su yi laifi ba. Amma rashin lafiya ba ta soke 'yancinsa. Ranar da ya warware, yana da haƙƙin ganin takardar da aka tsare shi da ita, da sunan wanda ya sa mata hannu.