Rangun, Birnin Hasumiyar Zinariya

Duk wanda ya tashi a gidan tsohon soja ya san sunan Bama. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu samarinmu da yawa suka tafi can yaƙi da Japanawa, waɗansu kuwa ba su dawo ba. Babban birnin ƙasar a wancan zamani shi ne Rangun. Tun 1989 ana kiransa Yangon, ƙasar kuma Myanmar. A Taukkyan, arewa da birnin, akwai makabartar sojoji inda aka zana sunayen mutum wajen 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba, har da mutanen Afirka ta Yamma.

Birnin yana bakin wani babban kogi, ba nisa da teku. Da fari ƙauyen masunta ne mai suna Dagon. A 1755 Sarki Alaungpaya ya ci garin da yaƙi, ya sa masa suna Yangon, wato "ƙarshen faɗa". Sunan bai bi shi ba. Turawan Ingila suka kama shi a 1824, suka saki, suka sāke kama shi a 1852, sa'an nan suka zauna. Suka shata tituna miƙaƙƙu, suka gina tashar jiragen ruwa inda ake lodin shinkafa da katako. Baƙi suka yi ta zuwa neman abinci, har Indiyawa suka fi 'yan ƙasa yawa a cikin gari.

Amma tun kafin a ga farar fata akwai Shwedagon bisa tudu. Hasumiya ce mai kama da ƙararrawar da aka kife, tsayinta wajen ƙafa 325, an lulluɓe ta da zinariya. Ba ta da ƙofa, ba a shiga cikinta, sai dai a kewaya. Masu bin addinin Buddha sun ce a ƙarƙashinta akwai silin gashin Buddha guda 8 waɗanda waɗansu fatake 'yan'uwa biyu suka kawo. A ƙarni na 15 Sarauniya Shin Sawbu ta hau ma'auni, ta ba da zinariya daidai nauyin jikinta don a shafe ginin. Kewaye da hasumiyar akwai wuraren zuba ruwa guda 8, kowa yakan je na ranar da aka haife shi. Mai karatu zai ce ai kwanakin mako 7 ne. Gaskiya ne, amma su sukan raba Laraba biyu, safe da yamma.

Ƙararrawar wurin ma da labarinsu. A 1608 wani Bature ɗan Fotugal, Filipe de Brito, ya kwashe babbar ƙararrawar Sarki Dhammazedi don ya narkar da ita ya ƙera igwa. Ta nutse a kogi, har yau ba a same ta ba. Bayan shekara 200 da 'yan kai sojojin Ingila suka ɗauki wata, mai nauyi fiye da tan 20, ita ma ta faɗa ruwa. Turawa suka yi iyakar dabararsu, suka gaza. Mutanen gari suka ce, in mun fitar, za ku bar mana? Aka yarda. Sai suka nutsa suka ɗaɗɗaura mata gora har ta taso. Tana nan a Shwedagon yanzu.

Ba a hawa tudun da takalmi ko safa, kowane ne kai. Turawan mulki sun daɗe suna ƙin tuɓewa, wannan kuwa ya ƙona zuciyar 'yan ƙasa ƙwarai, har ya zama ɗaya daga cikin mafarin neman mulkin kai.

In ka gangara wajen kogi sai ka shiga garin Turawa. Ga otel ɗin Strand na 1901. Ga tsohuwar Sakatariya ta jan tubali, inda aka harbe Janar Aung San da abokan aikinsa a 19 ga Yuli, 1947, wata shida kafin ƙasar ta sami mulkin kai. A birnin nan ne Bahadur Shah Zafar, sarkin Mughal na ƙarshe a Indiya, ya mutu yana tsare a 1862, Musulmi kuwa sukan ziyarci kabarinsa. Nan kuma Adoniram Judson, ɗan mishan daga Amurka, ya sauka a 1813. Sai da ya yi shekara 6 kafin ya yi wa mutum ɗaya baftisma, a 1834 kuma ya gama juya Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Bama.

A 2005 gwamnati ta fara ƙaura zuwa sabon birni, Naypyidaw, ta bar manyan ofisoshi ba kowa. Damina mai ƙarfi tana cin ganuwarsu, itatuwa suna tsiro a kan rufi, waɗansu kuma an rushe su an gina benaye. Tun da sojoji suka ƙwace mulki a Fabrairu 2021 yaƙi ya bazu a sassan ƙasar, baƙi masu zuwa kallo kuma sun ragu ƙwarai.