Dala Biyar ta Henry Ford da Tsadar Rasa Gwani

A shekarar 1913, masana'antar motoci ta Henry Ford da ke Highland Park, kusa da Detroit a Amurka, ta ɗauki mutum sama da 50,000 aiki domin kawai ta cike gurabe kimanin 14,000. Mutum zai shigo, ya ɗanɗana wahalar tsayuwa wuri guda yana maimaita aiki ɗaya, ya yi gaba. Kowane sabon shiga sai an koya masa, kuma kafin hannunsa ya faɗa an yi asarar lokaci da kaya. A Janairun 1914 Ford ya ɗaga kuɗin yini daga dala 2.34 zuwa dala 5, ya rage awannin aiki daga tara zuwa takwas. Guduwar ma'aikata ta ragu ƙwarai, riba kuma ta hau.

Wani zai ce ai Ford attajiri ne, mai ƙaramin shago ba zai iya ninka albashi ba. Haka ne, amma lissafin bai canza ba: tafiyar gwani tana cin kuɗi, sai dai ba ta fitowa a takardar albashi, shi ya sa mai gida ba ya ganinta. Wanda ƙarin kuɗi ya gagara, biya a kan kari da rage awanni ba su fi ƙarfinsa ba. Sukar da ta fi nauyi ita ce kuɗin Ford na da sharaɗi: yakan tura masu bincike gidajen ma'aikata su duba zamansu da yadda suke kashe kuɗi. Wannan shisshigi ya taɓa mutuncin mutanen da ake son riƙewa, kuma a farkon shekarun 1920 kamfanin ya watsar da shi.