Ko Kun Sani? Ma'aunin Waƙa Daga Basra Ya Faro

Ko kun san cewa ma'aunin da ake auna rubutacciyar waƙar Hausa da shi, asalinsa daga birnin Basra na ƙasar Iraƙi ne? A ƙarni na 8 Miladiyya ne malamin nan Khalil ɗan Ahmad al-Farahidi ya bi diddigin waƙoƙin Larabawa, ya tarar kowacce tana tafiya bisa wani tsari na gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi. Daga nan ya fitar da karuruwa 15, ya kafa ilimin da ake kira aruli. Bayansa ne wani malami mai suna Akhfash ya ƙara na 16, wato Mutadarak.

Su Larabawan sun daɗe suna waƙa kafin a haifi Khalil. Kunne ne jagoransu, shi kuwa ya zo ya rubuta ƙa'idar.

Da malaman ƙasar Hausa suka shiga rubuta waƙa da ajami, sai aruli ya zauna daram, domin Hausa ma tana bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Shi ya sa ake samun karuruwa irin su Kamil, Mutaƙarab, Wafir da Ramal a waƙoƙinmu. A 1975 Farfesa M.K.M. Galadanci ya kwatanta wannan haɗuwa da aure tsakanin harsunan biyu.

Har yau manazarta na muhawara kan iyakar wannan aro, ganin cewa wasu marubutan daga kiɗan makaɗan baka suke ɗauko karinsu.