Jirgin Ƙasa a Bisa Tebur: Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

A birnin Hambag na ƙasar Jamus akwai wani tsohon gidan ajiyar kaya da jama'a ke bin layi don su shiga su kalli ƙananan jiragen ƙasa. Sunan wurin Miniatur Wunderland, kuma tagwaye ne, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe shi a 2001. A yau layin dogon da aka shimfiɗa a cikinsa ya haura kilomita 15, ga duwatsu da gadoji da tashoshi. Duk wanda ya gani sai ya ji yana son ya gina nasa a gida. To, a nan ne sabon shiga yakan yi tuntuɓe: ya kwashi kaya masu tsada, ya baje katakon da ya fi ƙarfin ɗakinsa, bayan wata uku ƙura ta rufe aikin, kuɗi sun tafi, sha'awa ta mutu.

Abu na farko da masana wannan sha'awa ke dubawa shi ne ma'auni, wato sau nawa aka rage girman jirgin gaske. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, inda jirgin gaske ya ninka na wasan sau 87, faɗin layinsa kuma milimita 16.5. Ma'aunin N ya fi shi ƙanƙanta, ninki 160 da layi mai milimita 9, shi ya sa ya karɓu a Japan, inda gidaje ba su da yalwa. Akwai kuma Z, ninki 220, wanda kamfanin Märklin na Jamus ya fito da shi a 1972. Mai ɗaki guda, N ne daidai shi, domin zagayensa zai zauna a kan tsohuwar ƙofa da aka kwantar. Mai raunin ido kuwa gara ya tsaya ga HO, ko da zai ci wuri.

Bayan zaɓen ma'auni, kwalin farawa ya wadatar: kan jirgi ɗaya, taragu uku ko huɗu, layi mai zagaye, da na'urar ƙara gudu da rage shi. Wutar da ke tafiyar da jirgin ba ta da yawa, wajen bolt 12 ce, kuma ta cikin ƙarafan layin take bi ta shiga ƙafafunsa. Saboda haka ƙura ita ce babbar abokiyar gaba. Jirgin da ke tafiya yana cijewa, sau da yawa goge layin kawai yake buƙata. Lanƙwasa mai tsanani ma takan kayar da dogayen taragu. Sai jirgi ya yi ta zagaye lami lafiya kafin a fara maganar tsaunuka da bishiyoyi, waɗanda kwali da soso da fenti sun isa a yi su.

Wani zai ce ai wasan yara ne. Amma a jami'ar MIT ta Amurka an kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa a 1946, kuma daga cikin ɗaliban da suka riƙa rarrafe ƙarƙashin teburinta suna haɗa wayoyi aka sami waɗanda suka yi fice a farkon zamanin kwamfuta. Aikin yana koyar da awo, da lantarki, da kafinta, da haƙuri.

Mu ma ba baƙi ba ne ga irin wannan basira. Yaron da ke fere karan dawa ko lanƙwasa langa-langa ya ƙera mota, ma'auni yake yi da ido, ko da bai san sunansa ba. Abin da yakan rasa shi ne babban da zai zauna kusa da shi ya nuna masa yadda batir da waya za su motsa abin da ya ƙera. Ƙaramin zagaye guda da aka kammala, uba da ɗa suna kallon jirgi yana wucewa, ya fi babban gari da aka bari a rabi.